Ɗinkin Tauraro da Ƙyallayen Tela: Yadda Ake Yin Sa da Matsalar Raɗa Masa Suna

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta shagunan teloli a Abbare ko cikin kasuwar Jalingo ana saura mako guda Sallah, zai ga abin da ake sharewa kowace safiya: guntayen atamfa da shadda da yadi iri-iri, wasu ba su kai tafin hannu ba. Yara kan tsinci kaɗan su yi wa 'yar tsana kaya, sauran kuwa sai bola ko wuta. A wasu ƙasashe, musamman Ingila da Amurka, irin waɗannan ƙyallaye su ne jarin wani aikin hannu da mutane ke yi don sha'awa. Sukan yanka su bisa awon takarda, su harhaɗa su su fitar da siffar tauraro, sannan su jera taurarin su zama abin rufa ko shimfiɗar gado.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake ɗinka irin wannan tauraro guda ɗaya. Amma da yake mu ɗaliban harshe ne ba teloli ba, abin da ya fi damun mu shi ne wannan: idan aka ce mu koya wa wani aikin da Hausa zalla, da waɗanne kalmomi za mu koyar? Na gwada, kuma tun a sunan aikin na fara tuntuɓe.

Faci ne ko ba faci ba?

Kalmar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce faci, wadda muka aro daga Turanci. Sai dai faci a wurin Bahaushe gyara ne. Abin da ya yage ko ya huje shi ake yi wa faci, riga ce ko tayar keke. Idan aka ce wane yana sanye da riga duk faci, ba yabon sa aka yi ba, talaucinsa aka faɗa. Aikin da muke magana a kai kuwa ba ya toshe wata ɓaraka, sabon abu yake samarwa daga guntaye. Saboda haka wanda ya kira shi faci ya riga ya rage masa daraja tun kafin a gan shi.

Gaskiya ne akwai wuraren da tufa mai faci ta zama abin alfahari. Mabiya Mahadi a Sudan, tsakanin 1881 da 1898, sun riƙa sa jibba mai faci a matsayin alamar gudun duniya, daga baya facin ya koma ado mai tsari da launuka. Haka nan 'yan Bay Fal na Senegal, mabiya Shehu Ibra Fal a ɗariƙar Muridiyya, an san su da tufafin haɗe-haɗen ƙyallaye har yau. To amma wannan ma'ana ba ta shiga kalmar faci a Hausa ba, kuma ba za mu cusa mata ita da ƙarfi ba.

Idan aka duba da kyau, ayyuka uku ne mabambanta ake cakuɗawa. Akwai haɗa ƙyalle da ƙyalle baki da baki har su zama faffaɗan zane guda. Akwai ɗora wani yanki a kan wani a ɗinke gefensa don ado, kamar yadda dukawa ke yi a jikin jaka da titimi. Sannan akwai sa auduga tsakanin zane biyu a bi su da ɗinki don kada audugar ta tattaru wuri guda. Duk ukun Bahaushe ya san su tun da daɗewa. Na farko shi ne tushen tufafinmu na gargajiya, domin masaƙa siririyar ƙwarya suke fitarwa, sai an jera ƙwarya da yawa an ɗinke kafin a sami zane ko riga. Turkuɗin Kura da ke kusa da Kano, wanda Buzaye ke saye, shi ne misali mafi ban mamaki saboda tsananin sirantar ƙwaryarsa.

Na ukun kuwa sunansa lifidi, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa.

Lifidi

Lifidi rigar kariya ce ta doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa auduga, sau da yawa audugar rimi, a bi ta da ɗinki layi-layi. Masana na danganta kalmar da Larabci, inda tushenta ke nufin abin da aka daddanne ya yi kauri kamar na ƙarƙashin sirdi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙi. Baturen nan Clapperton ya ga 'yan lifidi da idonsa a 1826, a yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa, ya kuma bayyana nauyin kayan. Kibiya ba ta cika ratsa lifidi ba, babban abokin gabarsa shi ne wuta.

Yau ba a yaƙi da shi, amma ana ganin 'yan lifidi a hawan Sallah na manyan masarautu, ciki har da hawan Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Wanda ya lura da wasu lifidan zai ga bayansu ba launi ɗaya ba ne, ƙyallaye ne ja da fari da baƙi da rawaya aka yanka aka harhaɗa. Ke nan abin da matar Ingila ke shimfiɗawa a gado da abin da barde ke ɗora wa doki, ta fuskar fasaha, 'yan gida ɗaya ne. Don haka ina ganin babu laifi a kira aiki na uku ɗinkin lifidi, na farko kuma haɗin ƙyalle. Da su zan yi amfani a nan.

Me ya kawo takarda cikin ɗinki?

Tauraron da aka fi sani mai tsini takwas ne. Ana yin sa da yanki takwas masu gefe huɗu daidai wa daida, amma a karkace, tsini biyu sirara, biyu masu faɗi. Ban sami sunan wannan siffa da ya gamsar da ni ba, sai na kira kowane yanki ganye, don ya yi kama da shi. Tsinin ganye takwas ne ke haɗuwa a cibiyar tauraron. Da yake zagaye digiri 360 ne, dole kowane siririn tsini ya zama digiri 45 cif. Idan kowane ganye ya gaza da digiri ɗaya kacal, an rasa digiri takwas ke nan, kuma tauraron ba zai kwanta ba. Na farkon da na ɗinka ba tare da takarda ba haka ya yi, cibiyarsa ta taso tamkar hula, dutsen guga ma ya kasa kwantar da ita.

Akwai wani dalili na biyu. Yadi yana da tsaye da kwance, wato zaren da aka ja da wanda aka gitta. Idan aka ja shi ta ɗayan biyun ba ya miƙewa sosai, amma idan aka ja shi a karkace sai ya saki. Ganyen tauraro kuwa ko yaya aka yanka shi, aƙalla gefe biyu za su faɗa a karkace. Takarda ita ce ke riƙe su kada su saki har a gama ɗinki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Ingila akwai wata shimfiɗar siliki mai ɗauke da shekarar 1718 da aka ɗinka ta wannan hanya, ita ce mafi tsufa cikin haɗin ƙyallen ƙasar da ke ɗauke da shekara a jiki. Marubuciyar nan Jane Austen ma ta yi irin wannan aiki tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta, shimfiɗar tana nan a gidan da ta zauna a Chawton. A Amurka kuwa, al'ummar Lakota sun karɓi ɗinkin tauraro mai tsini takwas a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ɓaunar da suke rufa da fatarta ta ƙare, ya zama abin da suke lulluɓa wa wanda suke son girmamawa.

Yadda ake ɗinka shi

Kayan aiki ba su da yawa: allura siririya, zare, almakashi, rula, fensir, fil, da takarda mai ɗan kauri kamar bangon littafin rubutu. Ɗalibin harshe zai lura cewa allura da almakashi daga Larabci suka zo, har da harafin “al” ɗinsu a maƙale, rula da fensir da fil kuwa daga Turanci. Game da takarda, tsofaffin takardun lacca sun isa, amma a duba kada a yanka wadda ke ɗauke da aya ko sunan Allah.

Da farko a wanke ƙyallayen a goge su, domin wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa a wankin farko. A zaɓi masu kauri ɗaya. Haɗa shadda mai sitati da yadi mai santsi wahala ce ga sabon shiga.

Sai zana ganye. Ba sai da ma'aunin kusurwa ba: idan aka ɗauki kusurwar takarda aka ninka ta biyu daidai, an sami digiri 45. A ja layi mai inci 3, daga bakinsa a ja wani mai inci 3 a kan wannan kusurwa, sannan a rufe siffar da layi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko. A yanka irinsa takwas. Ana kuma bukatar murabba'i huɗu masu inci 3 kowane gefe don cike kusurwoyi, da alwatika huɗu da za su shiga tsakanin tsinayen da ke gefe. Alwatikar ba ta da wuya, murabba'in nan ne a raba shi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Jimla yanki 16 ke nan, kuma idan an gama za a sami fili mai inci 10 da kusan kwata kowane gefe.

A ɗora kowace takarda a bayan ƙyalle a kafe ta da fil, a yanka ƙyallen ya fi takardar da kwatan inci ta kowane gefe. Wannan rarar ita ake kalmasawa a kan bakin takardar, a riƙe ta da manyan ɗinki na wucin gadi da za a warware daga baya. A wurin siririn tsini wani ɗan wutsiya zai fito, kada a yanke shi, zai ɓuya a baya.

Yanzu sai haɗi. A ɗauki ganye biyu a haɗa fuskokinsu, a bi baki ɗaya da ƙananan ɗinki kusa da kusa, allura na ɗaukar zare biyu ko uku na ƙyallen kawai ba tare da ta huda takarda ba. Nan ne yawanci ake kuskure wajen tsari: wanda ya riƙa ƙara ganye ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa, na takwas zai ƙi shiga. Abin da ya fi shi ne a haɗa su bibbiyu, sannan hurhuɗu, a sami rabi biyu, a ƙarshe a ɗinke rabi da rabi da layi guda miƙaƙƙe wanda ya ratsa cibiya. Bayan haka a saka murabba'ai da alwatikai a gurabensu. Ba a cire takarda daga wani yanki sai an ɗinke dukkan gefensa. A da wasu ba sa cirewa ma sam, shi ya sa masu bincike ke gane shekarun wasu tsofaffin shimfiɗu daga guntayen wasiƙu da jaridun da aka bari a ciki.

Akwai hanya ta biyu ta keken ɗinki, inda ake zana siffar a takarda da lambobi, a riƙa ɗora ƙyallaye a bayanta ana taka layin zanen bi da bi, da gajeren taku don takardar ta yagu cikin sauƙi. Ta fi sauri, amma ta hannu ta fi dacewa da ɗalibi, tunda kayanta za su shiga aljihun jaka.

Tauraro ɗaya ya isa rigar matashin kujera. Mai son abin rufa kuwa sai ya yi shiri, domin jeri shida sau bakwai taurari 42 ne, wato yanki 672. Idan an haɗa su sai a shimfiɗa auduga a baya, a rufe da wani zane, a bi da ɗinkin lifidi. A zafin Jalingo na watan Maris ba mai neman sa, amma da hunturu, ko ga mai zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila, zai yi rana.

Sauran aiki

Cikin kalmomin da na yi amfani da su, kalmasa da ƙwarya da alwatika da lifidi na Hausa ne tun asali ko tun tsohon aro. Ganye da haɗin ƙyalle da ɗinkin wucin gadi kuwa ƙirƙirata ce, kuma ban so su zauna ba idan akwai waɗanda suka fi su a bakin masu sana'a. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen sassan riga da nau'o'in ɗinki da yawancinmu ba mu taɓa ji ba, David Heathcote kuma ya tattara sunayen zanen riguna da huluna a binciken da ya yi yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970. Amma Hausar teloli a Muri, inda take gogayya da Fulatanci da Mumuye da Jukun, ba lallai ta zo ɗaya da ta Kano ko Zazzau ba.

Saboda haka ina ba 'yan ajinmu shawara, musamman masu neman batun kundin kammala digiri. A ɗinka tauraro guda a hutun nan, a kai shi wurin tsohon tela ko baduku, kada a faɗa masa sunan komai. A nuna masa ganyen, da wutsiyar tsini, da ɗinkin riƙo, da gefen da ke saki, a tambaye shi yadda yake kiran kowanne. A rubuta abin da ya faɗa da karin sautinsa da jam'insa, tare da garin da ya koyi sana'a.