LODIN A-KORI-KURA DA TIRELAR DA TA KE JA

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, waɗanda sau da yawa a hannunsu a ke barin motar aikin gunduma, su ne kuma a ke tambaya in ta lalace ko ta yi ɓarna. Maganarmu a kan a-kori-kura ce, da ƙaramar tirelar nan da a kan maƙala mata a baya, ko ta tankin ruwa, ko ta injin wuta, ko ta kwasar amfanin gona. A Amurka da Turai har ɗakin kwana mai ƙafa su kan ja da irin wannan mota in za su yawon shan iska, daga can ne ma aka tsara yawancin ƙa'idodin da za mu ambata. Amma ƙarfe bai san ƙasa ba, lissafin da ya yi aiki can shi ne zai yi nan.

Mai sayar da mota ya kan faɗi adadi biyu. Ya ce tana ɗaukar kilo kaza, tana kuma jan kilo kaza. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba a samunsu tare a tafiya guda. Wanda ya cika bodi maƙil, sa'an nan ya maƙala tirela mafi nauyi da aka yarje wa motar, ya wuce iyaka tun bai bar ƙofar gida ba.

IYAKOKIN DA MAƘERA SUKA SA

Kowace mota tana da wani ɗan faranti ko takarda da aka manna, galibi jikin dogaran ƙofa ko cikin ɗakin inji, sauran bayani kuwa yana cikin littafin da ta zo da shi. Abu na farko da malami zai nema a ciki shi ne iyakar nauyin motar kanta in an haɗa kome da kome, watau ƙarfenta, da mai, da direba, da fasinja, da kaya. In aka ɗebe nauyin motar wofi daga wannan adadi, abin da ya saura shi ne lodinta. A lura, mutane ma lodi ne. Haka ƙarafan da aka ƙara wa bodi, da taya ta biyu ta ko-ta-kwana, da jarkokin mai.

Bayan wannan akwai iyakar abin da za ta ja, wadda ita ma kashi biyu ce. Tirelar da ba ta da birkin kanta, a Ingila da sauran ƙasashen Turai da Ostareliya ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kome ƙarfin motar. Babban adadin nan da a ke talla da shi na tirela mai birki ne kaɗai. Yawancin tirelolin da masu walda ke haɗawa a garuruwanmu ba su da birki, sabo da haka ƙaramin adadin ne ya shafe su. Akwai kuma iyakar jimilla, watau mota da tirela da duk abin da ke cikinsu in an ɗora su kan sikeli tare. Ita ce wadda aka fi mantawa.

Ga misali. Toyota Hilux mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda aka sayar a Ostareliya a shekarar 2020, an rubuta mata iyakar nauyinta kilo 3,050, iyakar ja kilo 3,500, iyakar jimilla kilo 5,850. Nauyinta wofi kuwa wajen kilo 2,100 ne, lodinta ke nan wajen kilo 950. To, a maƙala mata tirela mai kilo 3,500. In an ɗebe 3,500 daga 5,850 saura 2,350. A ɗebe nauyin motar, saura 250. Watau motar da a ka ce tana ɗaukar kusan tan guda, yanzu ba ta da wuri sai na maza uku, ko buhun siminti biyar ba tare da direba ba. Hilux iri-iri ce, wadda ke garejinku tana iya bambanta da wannan, don haka farantin jikinta za a karanta.

NAUYIN WUYA

Kowane manomi ya san san amalanke ba ja kaɗai ya ke yi ba, karkiya tana danne masa wuya. Haka tirela ta ke. Wani kashi na nauyinta yana sauka kan ƙugiyar da ke bayan mota, wannan kuwa cikin lodin motar a ke lissafa shi, kamar dai buhu ne aka ɗora. Ƙa'idar da a ke bi a Amurka ita ce nauyin wuya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. Ita ma ƙugiyar tana da nata iyaka, a kan buga a jikinta.

Kada wani ya ce to, sai a tura kaya can ƙarshen tirela wuya ya yi sauƙi. Wannan ya fi haɗari. Tirelar da bayanta ya fi gabanta nauyi, da zarar gudu ya yi gudu sai ta fara kaɗa jela dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta bayanta, har ta juya motar ko ta kife da ita. Abin da ya dace shi ne wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya zauna gaba da ƙafafun tirela, mafi nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. In kuwa kaɗawar ta fara, direba ya ɗauke ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sosai a miƙe. Taka birki da ƙarfi ko ƙara wuta duk ƙara ɓarna ne.

In wuya ya yi nauyi da yawa shi ma da nasa lahani. Ƙugiya tana can bayan ƙafafun baya, sabo da haka nauyinta ya kan ɗaga gaban mota kamar yadda a ke ɗaga dutse da sanda. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya na Hilux ya ɗan fi mita 3. In ƙugiya tana mita ɗaya da ɗan wani abu bayan ƙafafun baya, wuya mai kilo 260 zai rage wa ƙafafun gaba wajen kilo 100, ya ɗora wa na baya wajen 360. Sai sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su kalli sama su kashe wa mai zuwa ido. Ƙafafun baya suna da tasu iyaka dabam, tana nan cikin littafi. Tayoyi ma haka. Lambar nan 112 da a kan gani jikin tayar irin wannan mota, ma'anarta kilo 1,120, shi ma sai in an cika ta da iska yadda ya kamata.

Auna wuya ba shi da wuya. Sikelin ƙasa da a ke auna buhuna a kasuwa ya isa. A kwance tirela a wuri mai lebur, a sa wa ƙafafunta waigi, a ɗora wuyan bisa guntun icce a kan sikeli, tsawonsa daidai da tsawon ƙugiyar mota.

LISSAFIN MALAMI

A ce za a kai ruwa wani ƙauye. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, tankin lita 2,000 ke nan tan 2. A ce tirelar da tankin wofi kilo 600 ne, jimilla 2,600. Wannan ya zarce 750 nesa ba kusa ba, lalle sai tirela mai birki. Wuya, kashi 10 cikin 100, kilo 260. Mutum biyar za su shiga, a yi wa kowanne kilo 75, ya zama 375. Daga lodin 950 a ɗebe 260, a ɗebe 375, saura 315. In akwai takin zamani da za a bi da shi, buhu shida masu kilo 50 ne iyaka, ko da bodi ya nuna kamar ba a sa kome ba. Sa'an nan a duba jimilla: 2,100 da 375 da 300 da 2,600 sun tashi 5,375, ba su kai 5,850 ba. A wannan tafiya lodi ne ya tsai da mu, a misalin farko kuwa jimilla ce. Wadda aka fara cim ma cikin iyakokin nan, ita ce hukunci.

Hanzari ba gudu ba, tanki ya fi lafiyar ja a cike ko a wofi. In rabi ne, ruwan ya kan yi ta tambal-tambal, ya tura mota gaba sa'ad da a ke neman tsayawa.

HANYA DA ZAFI

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gwajin ja a 2008, manyan kamfanonin ƙasar kuwa suka bi ta a ƙananan a-kori-kurarsu daga samfurin 2015. Cikin gwajin akwai hawan wani tudu mai tsawon wajen kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba. Amma fa bisa kwalta mai kyau a ke yi, da sabuwar mota, mutum biyu kaɗai a ciki. Motar gunduma ta sha shekaru, sifirin ya kwanta, hanya burji ce ko yashi, zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu kuma ya kan haura digiri 40. Shawararmu a nan ita ce kada a kai iyaka, a bar rata ta kamar kashi ɗaya cikin biyar.

Gangara ta fi hawa ban tsoro. Wanda zai sauko daga Jos ta Hawan Kibo da tirela, ya sa babbar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. Birkin da aka yi ta takawa ya kan yi zafi ya daina kamu. In gudu ya ninka biyu, nisan da a ke bukata a tsaya ya kan ninka huɗu.

Ya kamata malami ya kwafe adadin da ke faranti a shafin farko na littafin tafiye-tafiyen mota, ya sa a auna tirela wofi sau ɗaya a rubuta nauyin da fenti a jikinta. Kafin a tashi a duba sarƙoƙi biyu na tsaro, a gitta su ƙarƙashin wuya, a gwada fitilun baya. Bayan an yi 'yan kilomitoci kaɗan direba ya tsaya ya taɓa tayoyi da cibiyar ƙafafun tirela ko sun yi zafi, ya sāke ɗaure igiyar da ta saki.