Kafin Ka Cika Kwamin Iyo, Duba Ƙasar da Zai Zauna

Akwai wani irin kwamin iyo wanda ba a haƙa masa rami. Ana sayo shi a kwali, a kafa ƙafafunsa na ƙarfe a tsakar gida, a rataya masa leda mai kauri, a cika da ruwa. A Amurka da Turai ya fi yawa, kamfanoni irin su Intex da Bestway ne ke ƙera shi, amma yanzu ana ganinsa a gidajen manyan biranenmu, musamman da bazara. Ɗan'uwansa kuwa ya riga shi shiga gidajenmu, wato tafkin tamfol na masu kiwon tarwaɗa. Ginin iri ɗaya ne, haɗarin ma ɗaya ne. Jama'a sukan tambaya: in an kafa shi a ƙasa mai gangara, zai rushe? E, yana rushewa, sai dai ba lallai a ranar farko ba. Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane.

A fara da sanin nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, lita 1,000 tan guda. Kwami mai da'ira wanda faɗinsa ƙafa 15 ne, tsayinsa ƙafa 4, yana cin ruwa kusan lita 17,000, wato nauyin buhun siminti 340. Ba wanda zai yarda a jibge masa wannan siminti a gangara a ce leda da bututu su tare shi, amma da yake ruwa ne sai a ɗauke shi abin wasa.

Ruwa ba ya karkata. Ko yaya ka karkatar da mazubinsa, fuskarsa a miƙe take, saboda haka gefen da ke ƙasa shi zai fi zurfi. Turin da ruwa ke yi wa bango kuma ba daidai da zurfi yake ƙaruwa ba, ya fi shi sauri. In zurfin mita 1 ne, kowace mita ta bango tana tare turi na kilo 500. In ya kai mita 1.2, turin ya zama kilo 720. Taƙi guda kaɗai aka ƙara, amma kaya ya ƙaru da kusan rabi. Maƙerin ya tsara kwaminsa ne a kan cewa ƙafafun za su raba kayan daidai wa daida, kowace tana tsaye sak. Da zarar ƙasa ta karkata, sai ƙafafu biyu ko uku su ɗauki rabon sauran, kuma a jingine. Daga nan bututu ya fara lanƙwasa, ɗinkin leda ya fara buɗewa. Ran da yara suka shiga suna tsalle, ruwa na dukan gefen nan mai rauni, ran nan ake jin ƙara. Kwamin da ake hura wa iska a bakinsa, marar ƙafafu, shi ba ya ma jira: bakinsa ke naɗewa wajen gangara, ruwan ya kwarare gaba ɗaya.

Ku tuna irin gidajenmu. Tan 17 na ruwa in ya ƙwace lokaci guda, gindin katanga zai nufa, in kuwa ta ƙasa ce, ta maƙwabci ma ba ta tsira ba. Mai kiwon kifi kuma zai iske dukiyarsa ta wata huɗu ko biyar tana birgima a turɓaya.

Masu sana'ar kafa kwami sukan ce kada bambancin gefe da gefe ya wuce inci ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ido ba ya gane wannan. Kira magini ya zo da lebur, ko ka samu siririn tiyo mai haske ka zuba masa ruwa, ka gwada gefe da gefe.

Ga inda mafi yawa ke yin kuskure, kuma a nan nake so a natsu. Mutum ya ga gefe ɗaya ya yi ƙasa, sai ya kwaso yashi ya cike. Ciko ba ya ɗaukar kaya. Yashin zai zame, ko ya lotsa da ruwan farko na damina, kwami ya koma karkace alhali yana cike. Tudun ake saran sa har ya sauko daidai da kwarin, a tsaya a kan ƙasa ta asali mai tauri, a daɓe. Yashi ɗan kaɗan ake shimfiɗawa don kare leda daga tsakuwa. Kowace ƙafa a sa mata faffaɗan dutse ko katako mai kauri, a binne shi daidai da ƙasa. Bulo mai rami ba ya wannan aiki, fashewa yake. A guji kan tsohuwar rijiya, shadda ko sokawe, da ƙasar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina.

In an kafa, kada a buɗe famfo a tafi kasuwa. A zuba ruwa ɗan kaɗan, a tsaya a duba. In ya taru gefe guda, a zubar a gyara ƙasa. In kuwa an riga an cika sannan aka ga karkata, kada a yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa a cusa dutse. A hana kowa shiga, a janye ruwan tukuna.

Wannan doka ta shafi tankin roba da muke ɗorawa a kan ƙarfe ko dakali: mai lita 2,000 tan biyu ne a bisa kan iyali, kuma gindinsa duka ake so ya zauna a shimfiɗe. Maigida, kai ne da alhakin dubawa. Je ka gwada naka yau, tun damina ba ta sauka ba.