Ciwon Maƙoƙo da Abincin da Mu Ke Ci

'Yan'uwana ɗalibai, ina so mu duba ciwon maƙoƙo, gama yawancinmu za mu koyar a ƙauyuka inda za mu gan shi a wuyan iyayen yaranmu. Waɗansu su kan ce sammu ne. Ba haka ba ne.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce da ita tairod. Aikinta shi ne ta haɗa wani ruwa ta zuba cikin jini, shi kuwa ruwan nan ya zaga jiki kamar ɗan aike, yana tsara bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Amma ba ta iya haɗa shi sai da aidin. Babban mutum yana bukatar maikurogiram 150 ne kawai a yini, mace mai ciki 250. Duk abin da mutum zai ci ran duniyarsa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. In aidin ya kasa, sai tsokar ta yi ta ƙoƙari, tana kumbura domin ta kama ɗan abin da ya ke cikin jini. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Aidin yana da yawa a teku, saboda haka masu cin kifin teku ba su cika rasa shi ba. A ƙasar duwatsu kuwa ruwan sama ya wanke shi daga ƙasa tun da daɗewa, hatsin da a ke nomawa can ba shi da isasshe. Mutanen Suwizalan sun sha wannan wahala, har suka soma zuba aidin cikin gishiri a 1922. Nijeriya ta wajabta haka a 1993.

Sa'an nan ga rogo. Mai ɗacin nan yana da dafi wanda jiki ya kan juya shi ya zama wani abu mai hana tairod ɗaukar aidin. Feraya, da jiƙo na kwana uku ko huɗu, da shanya sosai, su ne ke rage dafin. Mai gaggawar kai gari kasuwa shi ya kan taƙaita jiƙon.

A ganina kumburin wuya shi ne ƙaramin abu. Uwa mai ƙarancin aidin tana iya haifar yaro wanda ba ya girma sosai, ko kurma, ko mai nauyin fahimta. Irin yaron nan ne malami ya kan ce masa daƙiƙi, har ya ɗauko bulala.

To, in mun kai darasin tsabta, mu sa yara su duba ledar gishirin gidansu, ko an rubuta akwai aidin. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura kuwa, sai asibiti, gama ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba: wani daga tairod mai aiki fiye da kima ya ke, maganinsa dabam ne.