Darɓa a garka: duba bayan ganye kafin ka sayi guba

Duk mai garkar noman rani a Karofane da sauran ƙauyukan Buza, Madawa da Keita ya san alamar: ganyen kabeji ko na tattasai ya nannaɗe, ya yi danƙo, kiyashi na hawa da sauka a jikin shukar. Idan ka juya ganyen sai ka tarar da ƙananan ƙwari jingim, kore ko baƙi ko ruwan toka. Darɓa ke nan. Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne su nufi kasuwa su sayo gubar piya-piya. A ƙaramar garkar gida, wadda daga ita sai tukunya, wannan shi ne mataki mafi muni, domin darɓa da sammako ake cin ta, ba da ƙarfin guba ba.

Dalilin yana cikin yadda take hayayyafa. A ƙasashenmu masu zafi macen darɓa ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai. Ƴaƴa take haifa da ransu, su kuma cikin kamar mako guda sun fara tasu haihuwar. Tana soka bakinta a ganye ta tsotse ruwansa, ta zubar da wani ruwa mai zaƙi, wanda shi ke jawo kiyashi, kuma a kansa baƙar funfuna ke tsirowa ta tare wa ganye hasken rana. Idan wuri ya cika mata sai ta haifi masu fukafukai su tashi zuwa kuɓewa, yalo ko kabewar da ke kusa. Mafi haɗari kuma, tana ɗauke da cututtukan shuka. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓar wake ke yaɗawa, ta lalata gonakin gyaɗa masu ɗimbin yawa a arewacin Najeriya. Shukar da irin wannan cuta ta kama ba ta da magani, sai tugewa.

Saboda haka aikin farko na ido ne. Sau biyu a mako a bi fangali-fangali ana juya ganye, musamman sabon toho da zuciyar kabeji. Idan tushe biyu ko uku ne suka kamu, a murje ƙwarin da yatsa, a cire ganyen da ya lalace a binne shi nesa, a kuma watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganyen. A rage hannu a takin uriya, domin ganyen da ya sha taki ya yi laushi shi darɓa ta fi so. Takin dabbobi da ya ruɓe sosai ya fi dacewa. Idan abin ya wuce haka sai a koma ga bedi, kuma a nan mutanen wannan yanki sun yi sa'a: tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska, ga shi kuma a kowane gari. A tsinci ƴaƴan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narkar da ɗan sabulun sanda a ciki, ba garin omo ba, don omo na ƙona ganye. A fesa da yamma, tunda rana na kashe ƙarfin maganin, a tabbata ya jiƙa bayan ganyen, a maimaita kowane mako har ta lafa.

Za a ce bedi ba ya kashewa nan take. Gaskiya ne, hana ƙwaron ci da girma yake yi, shi ya sa yake son a fara da wuri. Amma a dubi abin da guba ke yi. Darɓa na da maƙiyanta a cikin garkar: akwai ɗan ƙwaron nan mai zagayen baya, ja ko rawaya da ɗigon baƙi, wanda shi da tsutsarsa darɓa ce abincinsu, akwai kuma wani mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwansa a cikinta har ta bushe ta kumbura. Guba na share su duka, ita kuwa darɓar da ta ɓuya cikin naɗaɗɗen ganye ta tsira, kuma ta fi su saurin dawowa. Yawan feshi da magani iri ɗaya yana kuma sa ta saba da shi. Ba ya ma hana cutar da ake tsoro, domin wasu cututtukan tattasai da kabewa da ɗanɗano ɗaya darɓa ke saka su, kafin gubar ta kama ta. Sannan salati da tumatir ɗanye yara ke ci.

Wani zai ce shi ba ya da lokacin juya ganye. Ga mai eka-eka na sayarwa wannan uzuri ne da za a saurara, amma mai garkar gida kullum yana tsaye a kanta yana ban ruwa, dubawar ba za ta ci masa komai ba. Wanda kuwa ya ga lallai sai ya yi feshin magani, to ya fara zuwa wurin malamin gona na gundumarsa, ko ya nemi shawarar RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoman Nijar, wadda ke amsa tambayoyin manoma da Hausa ta waya. Ya sayi abin da kwamitin CILSS na ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya amince da shi don kayan lambu, cikin kwalbarsa ta asali mai rubutu, ba wanda aka ɗura a gorar ruwa ba. Ya rufe hanci da hannu, ya kori yara daga wurin, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.