DARASIN KASUWANCI: Hanyoyin Haɗa Rumbun Kwamfuta Da Saurin Aikinsu

'Yan kasuwa da dama kan kashe kuɗi wajen sauya rumbun ajiyar bayanai na kwamfutocin ofisoshinsu, daga bisani su tarar aikin bai ƙara sauri ba. Sau da yawa dalili shi ne rashin sanin irin hanyar da ke haɗa rumbun da babban allon kwamfuta, wadda ita ce ke ƙayyade yawan bayanan da za su iya wucewa a kowace daƙiƙa.

Tsohuwar hanyar da aka fi sani ita ce IDE, wadda kamfanonin Western Digital da Compaq na Amurka suka fito da ita a shekarar 1986. Tana amfani da faffaɗar waya mai baki 40, kuma waya ɗaya na ɗaukar rumbu biyu. An yi ta inganta ta, har saurinta ya tashi daga megabayit 33 a daƙiƙa zuwa 66, sannan 100, ya tsaya a 133. A wancan zamani manyan ofisoshi sun fi dogara da SCSI, wadda ta fi tsada amma tana haɗa na'urori da yawa.

A shekarar 2003 ne SATA ta fito da siririyar waya mai baki 7. Kashi na farko na ɗaukar megabayit 150 a daƙiƙa, na biyu a 2004 ya kai 300, na uku kuwa a 2009 ya kai 600. Daga baya, a 2011, aka samar da tsarin NVMe domin rumbun SSD, wanda ba shi da faifai mai juyawa. Irin wannan rumbu kan kai kimanin megabayit 3,500 a daƙiƙa a kan PCIe 3.0, da kusan 7,000 a kan PCIe 4.0.

Abin lura a nan shi ne, adadin da aka rubuta a kwali iyakar hanyar ce, ba saurin rumbun ba. Faɗin titi ba ya ƙara wa tsohuwar mota gudu. Rumbu mai faifai da ke juyawa sau 7,200 a minti kan ba da tsakanin megabayit 150 zuwa 250 ne kawai, ko da an haɗa shi da SATA mai 600. Haka nan kuma, idan aka sanya sabon rumbu a tsohuwar kwamfuta mai mahaɗin da ya dace da shi, zai yi aiki, amma da saurin tsohuwar hanyar.

Alal misali, kwafe bayanai na gigabayit 30 zai ci minti 3 da daƙiƙa 20 a saurin megabayit 150. A rumbun SSD mai SATA, wanda ke ba da kimanin 550, aikin ba zai kai minti ɗaya ba. A NVMe mai 3,500 kuwa, daƙiƙa 9 sun isa.

Saboda haka, mai sayen kwamfuta ta hannu, ko a kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko a wani wuri, ya kamata ya sa a buɗe masa ita ya ga irin mahaɗin da ke ciki. Wadda ke da IDE kaɗai ta tsufa ƙwarai, samun sabon rumbunta zai yi wuya. Bugu da ƙari, ramin M.2 iri-iri ne: wani na SATA, wani na NVMe, wani kuma na karɓar duka biyun, don haka a tantance kafin a biya kuɗi.

Ga ofishin da aikinsa bai wuce lissafi da rubuta takardu ba, sauya rumbu mai faifai da SSD mai SATA ya wadatar. Ragowar kuɗin gara a sayi rumbu na biyu da shi domin adana kwafin bayanan ciniki, domin asararsu ta fi jinkirin kwamfuta tsada.