Gajerun Sunayen Fasaha da Yadda Za A Bayyana Su Ga Shugabannin Ma'aikata

A kowace ma'aikata ta Gwamnati akwai ƙwararru masu kula da na'urori, akwai kuma shugabanni, kamar Babban Sakatare da Darektoci, waɗanda alhakin sa hannu a kan kuɗi yake wuyansu. Ƙwararrun nan sun saba da taƙaita dogayen sunayen Turanci zuwa haruffa biyu ko uku. A tsakaninsu wannan ba laifi ba ne, amma idan takarda ta isa teburin shugaba, haruffan kan jawo ruɗani, domin sau da yawa haruffa iri ɗaya suna da ma'ana fiye da ɗaya.

Inda Ruɗanin Yake

A Nijeriya akwai hukumomin Tarayya guda biyu da ake kira NCC. Ɗaya ita ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, mai ba kamfanonin waya lasisi. Ɗayar kuwa ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, mai kula da haƙƙin marubuta da mawaƙa. Wasiƙar da aka ce a kai wa NCC, ba a faɗi cikakken suna ba, tana iya sauka a ofishin da abin bai shafa ba.

Haka kuma haruffan AI. Ga masanin kwamfuta, ma'anarsu ƙirƙirarriyar basira. Ga likitan dabbobi kuwa, ma'anarsu ɗura wa saniya maniyyin bijimi ba tare da barbara ba. Idan mutanen nan biyu suka zauna taro ɗaya a kan kasafin kuɗin aikin gona, kowa abin da ya sani zai ji.

Wanda ya fi jawo hasara shi ne bambancin MB da Mb. Babban harafin B na nufin bayit, ƙaramin kuwa na nufin bit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Kamfanonin intanet suna auna saurin layi da Mb, amma girman fayil da MB ake auna shi. Saboda haka layin da ke gudun Mb 100 a daƙiƙa ɗaya, MB 12.5 kaɗai yake iya ɗauka a wannan lokaci. Shugaban da ya sa hannu a kwangila yana zaton MB ne, to, ya sayi kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya yi tsammani, kuma ba shi da hujjar tuhumar kamfanin, tun da abin da aka rubuta aka ba shi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Duk inda gajeren suna ya fara bayyana a takarda, a rubuta cikakkensa tare da ma'anarsa cikin harshe mai sauƙi.

2. Idan sau ɗaya ko biyu kawai za a ambaci abu, a rubuta shi a cike.

3. Ƙwararre ya fara da abin da shugaba zai yanke shawara a kansa, wato nawa za a kashe, wane amfani za a samu, mene ne zai faru idan ba a yi ba. Sunan na'ura ya biyo baya.

4. Kowane adadi ya zo da ma'auninsa a rubuce cikin kalmomi, musamman a takardar kwangila.

5. Kafin a tashi taro, sakatare ya karanta abin da aka amince da shi, kowa ya ji.

Shugabanni su ma da nasu nauyin. Girman muƙami kan sa mutum jin kunyar cewa bai gane ba, sai ya gyaɗa kai ya sa hannu. Hausawa kan ce matambayi ba ya ɓata. Kuɗin da ake kashewa na jama'a ne, don haka shugaban da ya ga haruffan da bai san ma'anarsu ba, ya mayar da takardar a yi masa bayani kafin ya ɗauki alƙalami.