Yadda Ake Bin Sawun Furotin a Cikin Golgi

Tun 1898 Camillo Golgi ya hango sashen ƙwayar halitta da ake kira da sunansa, a Pabiya ta ƙasar Italiya. Wasu jakunkuna ne shafaffu, jere kamar fayafayan da aka ɗora kan juna. Ta nan furotin ke ratsawa, a maƙala masa sukari, a tura shi inda zai yi aiki. Ganin wurin daban, ganin abin da ke wucewa ta cikinsa daban.

Da farko sai a sa wa furotin alama. Ana haɗa shi da GFP, furotin mai ƙyallin kore da Osamu Shimomura ya samo a 1962 daga wata halittar teku.

Sannan a tsare shi. A ƙwayar dabba ana amfani da wani nau'in VSVG, furotin wata ƙwayar cuta, mai wani hali na ban mamaki: a zafin digiri 40 ba ya naɗuwa daidai, sai ya maƙale a sashen ƙwayar da ake kira ER, inda aka ƙera shi. Da an sauke zafin zuwa 32 sai ya gyaru, ya fito gaba ɗaya. Haka tawagar Jennifer Lippincott-Schwartz a Amurka ta ɗauki bidiyonsa a 1997, dunƙule-dunƙule yana gangarawa zuwa Golgi da ke zaune gefen cibiyar ƙwayar.

Tsiro kuwa sai an yi haƙuri. Ana ɗura bakteriyar Agrobacterium mai ɗauke da alamar a bayan ganyen taba, da sirinji marar allura. Bayan kwana 2 ko 3 a yanko ɗan ganyen, a sa a madubin leza. A 1998 Chris Hawes da abokan aikinsa a Okusfod suka ga Golgin tsiro ba ya zama wuri guda: a warwatse yake, ɗaiɗai, yana yawo a kan zaren aktin. Ina za a auna abin da ba ya tsayawa? Dole a fara zuba maganin latrunkulin, ya wargaza zaren, Golgin ya tsaya cak.

Daga nan sai a harbi Golgi guda da leza mai ƙarfi har ƙyallinsa ya mutu, a riƙa ɗaukar hoto. In koren ya dawo, sabon furotin ne ya shigo, kuma saurin dawowar shi ake lissafawa. A ganyen taba yakan dawo cikin 'yan mintoci, ko da Golgin na tsaye.